Zaman Waƙafi: Me Ya Sa Ake Shekaru a Gidan Yari Ba a Yanke Hukunci Ba?

Kwana nawa doka ta yarda a riƙe mutumin da ake zargi kafin a yi masa shari'a, kuma yaya aka yi wanda alƙali ya ce a ajiye shi na mako biyu yake kwashe shekara biyar ko fiye yana jira? Tambayar takan taso duk lokacin da babban jojin wata jiha ya kai ziyara gidan yari ya sallami wasu mutane, ko aka fasa wani gidan yari fursunoni suka tsere, sai a ji ana ambaton masu jiran shari'a a labarai. Alƙaluman da Hukumar Kula da Gidajen Gyaran Hali ta Najeriya ta riƙa fitarwa a 2024 da 2025 sun nuna cewa mutum kimanin 80,000 ne ke tsare a ƙasar, kuma sama da 50,000 daga cikinsu, wato wajen biyu cikin uku, babu kotun da ta same su da laifi. Mutane da yawa suna zaton doka ce ta yi shiru a kan wa'adi. Doka kuwa ta yi magana, har da lissafin kwanaki, sai dai hukumomin da ke riƙe da lamarin mutum ɗaya sun kai huɗu, kuma babu wadda ake tuhuma a cikinsu idan wa'adin ya wuce.

Su wane ne masu jiran shari'a?

Mai jiran shari'a, ko mai zaman waƙafi, shi ne wanda kotu ta ba da umarnin a tsare shi a gidan yari alhali ba a yanke masa hukunci ba. A idon doka ba mai laifi ba ne, domin sashe na 36(5) na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma a ɗauke shi a matsayin marar laifi har sai an tabbatar da laifin a kansa. Amma ba hali ɗaya suke ciki ba. Akwai wanda aka gurfanar a kotun da ke da hurumin sauraron ƙararsa, aka fara shari'a, tana tafiyar hawainiya. Akwai wanda aka ba shi beli ya kasa cika sharuɗɗa. Sai kuma wanda har yanzu ba a shigar da tuhuma a kansa a kotun da za ta iya yi masa shari'a ba, an dai kai shi gaban majistare an ce a ajiye shi. Wannan na ukun shi ne ya fi kowa shiga uku, domin ko ranar da zai tsaya ya kare kansa ba a sa ba.

Alƙaluman da aka ambata kuma na gidajen yari ne kawai. Waɗanda ke kulle a caji ofis da sauran wuraren tsare mutane na jami'an tsaro ba sa cikin lissafin.

Wa'adin da doka ta yanke

Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar da ba ta wuce kilomita 40 ba, in babu kuwa cikin kwana biyu, ko wani lokaci da kotu ta ga ya dace da yanayin. Sashen ya ƙara da cewa idan aka yi wata biyu da kama mutum yana tsare ba a yi masa shari'a ba, a sake shi, ko dai ba tare da sharaɗi ba ko kuma bisa sharuɗɗan da za su tabbatar zai dawo kotu. Haka kuma ba a yarda zaman jiransa ya zarce iyakar ɗaurin da doka ta tanada wa laifin da ake tuhumarsa da shi ba. Sai dai akwai togaciya mai nauyi a ƙarshen sashen: kariyar wata biyun ba ta shafi wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne ba, kamar kisan kai da fashi da makami. Ta wannan ƙofa dubban mutane suka shige suka daɗe.

A 2015 aka kafa dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya, wadda lauyoyi ke taƙaita sunanta da ACJA, jihohi kuma suka bi sahu da nasu, Kaduna a 2017, Kano a 2019. Dokar tarayyar ta ce umarnin ajiya na farko kada ya wuce kwana 14, ana iya ƙara wasu 14 idan an kawo dalili, bayan haka kotu ta kira kwamishinan 'yan sanda ko antoni janar su bayyana dalilin da zai hana a saki mutumin, kuma in an haɗa duk ƙarin da aka yarda da shi bai wuce kwana 56 ba. Ta ba ofishin antoni janar kwana 14 ya fitar da shawararsa kan ko akwai tuhumar da za a amsa bayan ya karɓi kundin bincike. Ta ce idan aka fara shari'a a riƙa zama kullum, in hakan bai yiwu ba kowane ɓangare kada ya nemi ɗagewa fiye da sau biyar. Jihohi sun ɗan sauya adadin kwanakin a nasu dokokin, amma manufar ɗaya ce. Wanda ya karanta waɗannan sassa zai ce an gama magance matsalar tun tuni.

Kotun da ba ta da hurumi

Ga yadda abin yake faruwa. 'Yan sanda sun kama mutum bisa zargin fashi da makami, ko kisan kai, ko garkuwa da mutane, ba su kammala bincike ba, kuma kwana biyun da aka ba su ya cika. Sai su rubuta rahoton farko su kai shi kotun majistare, alhali kowa a zauren ya san babbar kotu ce kaɗai ke da hurumin sauraron irin wannan laifi. Majistare ba zai tambaye shi ko ya amsa laifi ko ya musa ba, kuma beli a laifin kisa ya fi ƙarfinsa. Abin da zai yi shi ne ya ce a kai shi gidan gyaran hali a ajiye har a samu shawarar ma'aikatar shari'a, ya sa rana. Ranar ta zo, ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya miƙe ya ce shawara ba ta fito ba, a sake sa wata rana. A haka mako biyu ke zama shekara.

Kundin binciken kuwa dole ya taso daga caji ofis zuwa sashen binciken manyan laifuka na jiha, a kwafe shi, a aika ma'aikatar shari'a, a miƙa wa wani lauyan gwamnati da tebur ɗinsa ya riga ya cika, ya karanta ya ce akwai tuhumar da za a amsa ko babu. A kowane zango ana iya yin zaman jiran gawon shanu. Ɗan sandan da ya yi binciken ana iya yi masa sauyin wurin aiki zuwa wata jiha, kundin ya maƙale a durowarsa. Wani lokaci kuɗin kwafin takardu ne babu, sai dangin wanda ake tsare da shi sun biya. Wani lokaci shawara ta fito cewa babu hujja, amma takardar ba ta isa kotu ba, mutumin yana can a kulle. Idan kuma kundin ya ɓace ɗungurungum, gidan yari ba shi da ikon sakin wanda kotu ta kawo, kotu kuma tana jiran takardar da ba za ta zo ba.

Lauyoyi sun daɗe suna ƙalubalantar wannan tuhuma ta ajiya, Kotun Ɗaukaka Ƙara ma ta sha cewa doka ba ta san da ita ba. Amma a 2007, a shari'ar Lufadeju da Johnson, Kotun Ƙoli ta yanke cewa majistare yana da ikon ba da umarnin ajiye wanda ake zargi ko da ba shi zai yi masa shari'a ba. Abin da hukuncin bai hango ba shi ne ajiyar da ba ta da ranar ƙarewa. Shari'ar Sikiru Alade ta nuna iyakar inda hakan ke kaiwa: an kama shi a Legas a watan Maris na 2003, majistare ya ce a ajiye shi a gidan yarin Kirikiri bisa zargin fashi da makami, ya shekara tara ba a yi masa shari'a ba, har sai da Kotun ECOWAS ta yanke a watan Yuni na 2012 cewa tsarewar ta saɓa wa doka, ta ba da umarnin a sake shi. Wa'adin kwana 14 na dokar 2015 an yi shi ne domin toshe irin wannan rami, amma yana aiki ne kawai idan majistare ya ƙirga kwanakin ya tsaya a kansu, kuma ba kowane majistare ne zai yarda ya sallami wanda aka rubuta wa fashi da makami ba, don gudun abin da za a ce a kansa.

A nan ne tsarin mulkin ƙasar ya ƙara dagula lamarin. 'Yan sanda na tarayya ne, ma'aikatar shari'a da kotunan majistare da babbar kotu na jiha ne, gidan yarin kuma na tarayya ne. Ministocin cikin gida sun sha faɗa cewa kimanin kashi 90 cikin 100 na mutanen da ke tsare laifukan jihohi ake tuhumarsu da su, amma gwamnatin tarayya ce ke ciyar da su. Jihar da ta yi jinkiri ba ta asarar ko kwabo, gandiroban da ke fama da cunkoso kuma ba shi da ta cewa a kan kundin bincike.

Belin da aka ba da dama aka karɓe da hagu

A ƙananan laifuka beli haƙƙi ne, a laifukan da ɗaurinsu ya haura shekara uku ma doka ta ce a bayar sai dai in akwai dalilin hanawa, kamar fargabar mutum zai gudu ko zai yi wa shaidu barazana. Dokar ta kuma ce kada sharuɗɗa su yi tsauri fiye da kima. Amma sharaɗin da aka saba ji shi ne a kawo ma'aikacin gwamnati mai babban matakin albashi, ko mai takardar mallakar fili a cikin gari, ko hakimi ko dagaci ya tsaya. Ɗan ci-rani da ya baro ƙauyensu yana tura baro a Legas ko Fatakwal, ina zai samo darakta ya tsaya masa? A takarda an ba shi beli, a zahiri yana nan inda yake. Mai uwa a gindin murhu kuwa yakan cika sharuɗɗan kafin a tashi daga aiki, ko da kuɗin da ake tuhumarsa da sacewa sun kai biliyoyi.

Ƙasar ta ga wannan ƙarara a ranar 1 ga Nuwamba 2024, lokacin da aka gurfanar da masu zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, cikinsu har da yara ƙanana da aka kamo daga Kano da Kaduna da wasu jihohi, bayan sun yi kusan wata uku a tsare. Wasunsu sun yanke jiki sun faɗi a kotu, kuma belin da aka yanka wa kowannensu naira miliyan 10 ne tare da masu tsayawa. Hotunan sun karaɗe duniya, cikin kwanaki kaɗan Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su, aka janye tuhumar. Abin lura shi ne kyamara ce ta cece su, kuma yawancin masu zaman waƙafi ba a taɓa ɗaukar hotonsu ba.

Bayan an fara shari'a

Ko an kai babbar kotu, tsugune ba ta ƙare ba. Yau shaida bai zo ba, domin babu mai biyan kuɗin motarsa, ko kuma tsoro ya hana shi. Gobe gidan yari ba shi da mota ko man da zai kawo fursuna. Jibi alƙali ya tafi taro, ko hutun shekara ya shigo, ko an ɗauke shi aikin sauraron ƙararrakin zaɓe. Yawancin alƙalai har yanzu da hannu suke rubuta duk abin da aka faɗa. A 2021 ma'aikatan kotuna sun yi yajin aiki daga Afrilu zuwa Yuni, kotunan ƙasar suka kasance a rufe wata biyu, kamen 'yan sanda kuwa bai tsaya ba.

Mafi ciwo shi ne sake shari'a daga farko. Idan alƙali ya rasu, ko ya yi ritaya, ko aka ɗaga shi zuwa kotu ta gaba, sabon alƙali sai ya sake jin shaidu tun daga na ɗaya. Dokar 2015 ta yi ƙoƙarin ba alƙalin da aka ɗaga damar ƙarasa shari'ar da ya fara, amma a watan Mayu na 2020 Kotun Ƙoli ta soke wannan tanadi a shari'ar da ta shafi tsohon gwamnan Abiya, Orji Uzor Kalu, wadda aka fara tun 2007. Shi dai yana kan beli a tsawon shekarun da aka yi ana shari'ar. Talakan da irin wannan ta faɗa wa a kulle yake sake jiran. Adalci ne kuma a faɗi cewa lauyoyin masu kare kai su ma suna jan ƙafa idan jinkirin zai amfani wanda suke karewa, musamman wanda ke waje.

Hujjar masu cewa a riƙe su

Ba kowa ne ke kallon lamarin ta fuskar wanda aka tsare ba. 'Yan sanda suna cewa binciken garkuwa da mutane ko satar shanu ba ya kammaluwa cikin kwana 14 a ƙasar da ɗakunan gwaje-gwajen binciken laifi ba su taka kara sun karya ba, kuma sau da yawa abokan laifin suna daji. Mutanen ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato suna da nasu ƙorafin, wanda ba na wasa ba ne: suna cewa sukan ga wanda suka tona wa asiri ya dawo gari bayan 'yan makonni, sai wanda ya kai rahoto ya koma kwana da ido ɗaya. Akwai kuma lokacin da tsarewar ke kare wanda ake zargin kansa daga masu ɗaukar doka a hannu.

Waɗannan hujjoji ne na a tsare wasu mutane, kuma doka ba ta hana ba. Ba su zama hujjar a bar mutum shekara bakwai ba a kira shaida ko ɗaya ba. Jinkirin ma mai laifi na gaskiya ya fi yi wa amfani, domin shaidu suna mutuwa ko su ƙaura, masu ƙara su gaji su daina zuwa, a ƙarshe a kori ƙarar saboda rashin hujja. Malaman fiƙihu sun san tsarewa bisa tuhuma, kuma hadisin da suke kafa hujja da shi ya nuna an tsare wani mutum bisa zargi sannan aka sake shi. Ƙa'idarsu ita ce hujja tana wuyan mai ƙara. Kotunan shari'ar Musulunci na jihohin Arewa, waɗanda su ma suke aika mutane ajiya, wannan ƙa'ida ta hau kansu kamar yadda ta hau kan majistare.

Asarar da ake tafkawa

Gidan yarin Ikoyi da ke Legas an gina shi domin mutum 800, amma ya sha ɗaukar fiye da ninki uku na haka, kuma a watan Disamba na 2019 wutar lantarki ta kashe mutum biyar a wani ɗakinsa mai cunkoso. Gidan yarin Kurmawa na Kano tun farkon zamanin Turawa yake. A irin waɗannan ɗakuna tarin fuka da ƙazuwa suke yawo, kuma yaron da aka kawo kan satar waya yana kwana kafaɗa da kafaɗa da wanda ya ƙware a fashi. Kuɗin ciyarwa da aka ɗaga daga naira 750 zuwa 1,125 a rana a 2024 bai kama ƙafar tsadar abinci ba, don haka dangi ne ke cike giɓin. A waje kuma ana sayar da gona ko akuya domin kuɗin lauya da zirga-zirga, yara su bar makaranta, mace ta zauna ba ta san matsayin aurenta ba.

Idan an sami mutum da laifi, doka ta ce a lissafa zaman da ya yi cikin ɗaurinsa. Idan an wanke shi fa? Sashe na 35(6) ya tanadi diyya da neman afuwa a bainar jama'a ga wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba, amma sai ya shigar da sabuwar ƙara, kuma karɓar kuɗin daga hukuma wani yaƙi ne daban. Wannan ne ke sa wasu su amsa laifin da ba su yi ba: mai ƙaramar tuhuma yakan ga ɗaurin wata shida mai ranar fita ya fi masa jiran da ba shi da rana.

Matakan da ake ɗauka, da wanda ke taɓa tushe

A watan Nuwamba na 2023 ministan cikin gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 bayan an tara naira miliyan 585 an biya musu tara. Aikin alheri ne, haka ma wanda attajirai da gwamnoni ke yi da azumi, amma mutane su fahimci cewa wanda aka yanke wa hukunci ne ke da tarar da za a biya. Mai jiran shari'a ba shi da tara, afuwar gwamna ko ta shugaban ƙasa ma galibi ba ta biyowa ta kansa. Sabon gini, kamar babban gidan gyaran hali mai ɗaukar mutum 3,000 da aka yi a Janguza ta Kano, yana rage matsi amma ba ya motsa kundin bincike ko ɗaya. Ziyarar babban joji kuwa, wadda wata doka ta 1977 ta ba shi ikon sallamar wanda tsarewarsa ta saɓa wa doka ko ta zarce iyakar ɗaurin laifinsa, tana fitar da gommai ne a jihar da ake shigar da wasu kullum.

Tanade-tanaden da suka fi kusa da tushe suna nan a rubuce. Sashe na 34 na dokar 2015 ya wajabta wa majistare ya riƙa duba caji ofis na yankinsa kowane wata. Dokar ta hana kama wani a madadin wani, ta hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki, ta kuma ce ba a hana mace tsaya wa mutum beli don kawai mace ce. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ba jami'an gidan yari ikon ƙin karɓar sababbin mutane idan gida ya cika aka sanar da hukumomin shari'a ba su yi komai ba cikin wata uku. A watan Maris na 2023 kuma aka gyara Kundin Tsarin Mulki domin jihohi su iya mallakar gidajen gyaran hali, kuma duk ranar da gwamna ya fara biyan kuɗin tuwon kowane mai jira daga asusun jiharsa, ana sa ran zai tambayi kwamishinan shari'a inda kundin ya tsaya. Ƙasar Gana ta gwada wata dabara tun 2007, inda alƙalai ke zama a cikin gidan yari, kamar na Nsawam, suna bin takardun masu jira ɗaya bayan ɗaya, kuma kason masu jiran a cikin fursunoni ya sauko daga kusan ɗaya cikin uku zuwa ƙasa da kashi 15 cikin 100.

Ga iyalin da nasu ke ciki, abu na farko shi ne su san lambar ƙarar, da kotun da ta ba da umarnin ajiya, da ranar da aka bayar, sannan su binciko ko kundin yana hannun 'yan sanda ne ko ya isa ma'aikatar shari'a, domin amsar ita ce ke nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, wadda aka kafa a 1976, tana da ofisoshi a jihohi kuma aikinta kyauta ne ga marasa ƙarfi, ko da yake lauyoyinta sun yi kaɗan. Idan sharuɗɗan beli sun gagara, ana iya neman kotu ta sassauta su ko a je babbar kotu. Ko a laifin kisa, dokar tarayya ta lissafa jinkirin da ya haura shekara ɗaya cikin dalilan da alƙalin babbar kotu zai iya ba da beli a kansu. Ƙa'idojin ƙarar kare haƙƙin ɗan Adam na 2009 kuma sun yarda ɗan'uwa ko wata ƙungiya su shigar da ƙara a madadin wanda ke kulle, ba sai shi da kansa ya sa hannu ba.